Allurar sanƙarau kyauta ce, to me ya sa aka dawo mini da jaririyata?

Tambayar ta fito daga wani malamin firamare a Daura. Ya ce ya ji a rediyo an kawo sabuwar allurar rigakafin sanƙarau, kuma kyauta ake yi wa yara. Sai ya tura maiɗakinsa asibitin unguwarsu da yara biyu, namiji ɗan shekara 2 da jaririya 'yar wata 7. Aka duba katin babban aka ce an riga an yi masa, ƙaramar kuma aka ce ba ta isa ba, a dawo da ita bayan wata biyu. Yana son ya sani: daidai aka yi masa, ko rowa ce irin ta ma'aikata? Kuma in da gaske kyauta ce, me ya sa har yau duk bazara sai an ji sanƙarau ya ɗauke yara?

Malam, daidai aka yi maka, sai dai an sallami iyalinka ba tare da bayani ba, kuma wannan halinmu ne mu ma'aikatan lafiya. Layi ya yi tsawo, rana ta take, sai mu ce "ba ta isa ba, mai bi mata", uwa ta koma gida da zargi a ranta. Na yi shekaru ina aikin rigakafi a ƙasar Daura, tun daga ɗaukar akwatin ƙanƙara a bayan babur har zuwa riƙon ɗakin ajiyar allurai, don haka bari in biya maka bashin bayanin da abokan aikina suka ci.

Sanƙarau suna ɗaya ne, amma masu haddasa shi da yawa. Abin da ke faruwa a jiki shi ne kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar ƙashin baya. Ƙwayar cutar da ke kawo annobar bazara, wadda ke bin gari-gari tana kwasar mutane, ita ce muke kira meningokokas. Akwai kuma numokokas, wadda ita ce dai ke sa yara namoniya, akwai wata ƙwayar da ake kira Hib, har ƙwayar tarin fuka ma takan hau kan yaro ta zama sanƙarau. Waɗannan ukun na baya suna iya kama yaro a kowane lokaci na shekara. Ba sa shiga labaran rediyo, domin ɗaya-ɗaya suke ɗauka, kuma jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya suka fi yi wa ɓarna.

Yanzu ɗauko katin jaririyarka ka buɗe. Idan mahaifiyarta ba ta yi fashi ba, za ka ga an yi mata BCG a kafaɗa lokacin haihuwa, wadda ke barin ɗan tabo. Ita ke kare ƙananan yara daga sanƙarau na tarin fuka. Za ka ga Penta sau uku, a sati 6 da sati 10 da sati 14, kuma ɗaya daga cikin cututtuka biyar da take karewa ita ce Hib. Za ka ga PCV ita ma sau uku a waɗannan ranakun, ta numokokas ke nan. Lissafa da kanka, ai malami ne kai: allura 7 ke nan da suka shafi sanƙarau sun riga sun shiga jikin yarinyar da kake ganin an hana ta. Penta ta shiga jadawalin Najeriya a 2012, PCV kuma aka fara shigo da ita a ƙarshen 2014. Yaran da aka haifa kafin 2012 ba su sami ko ɗaya daga cikin biyun nan kyauta ba. Mai hali ne kawai ke saya a asibitin kuɗi.

Wadda aka ce ba ta isa ba ita ce ta meningokokas, kuma a jadawalinmu a wata 9 ake yin ta, rana ɗaya da ta ƙyanda da ta shawara. Dalili kuwa, jikin jariri ƙarami bai iya riƙe darasin wannan allura daga yi ɗaya. In aka yi masa tun yana wata uku ko huɗu, sai an maimaita, ga kuɗi ga yawan zirga-zirga. Da aka gwada, aka ga yaro ɗan wata 9 zuwa sama allura guda ta wadatar masa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi ta tsakanin wata 9 da wata 18. Gangamin da kake ji a rediyo kuma, wanda ake bi unguwa-unguwa da makarantu, daga ɗan shekara 1 ne zuwa ɗan shekara 29. Ta kowace ƙofa dai 'yar wata 7 sai ta ɗan jira.

Batun yayanta ya fi buƙatar a zauna, domin "an riga an yi masa" gaskiya ce amma da saura. Ita meningokokas ɗin kanta dangi-dangi ce, ana kiransu da haruffa: A, C, W, X, Y da sauransu. Rigakafin wani bai hana wani kamawa. Allurar wata 9 da aka sa a jadawali a 2019 ta nau'in A ce kaɗai. Ka duba abin da aka rubuta a katinsa. In Men A ka gani, to A kawai aka kare shi daga gare shi, kuma duk ranar da gangamin sabuwar allura ya iso Daura, ka kai shi da hannunka. Ƙarin ba ya cutarwa.

Kada ka raina wannan ta A ɗin, don ku yaran yanzu ba ku ga abin da A ya yi mana ba. A 1996 ina ɗalibi a makarantar koyon aikin lafiya aka rufe aji aka watsa mu asibitoci. Inda aka kai ni gadaje sun ƙare tun satin farko. Tabarmi aka shimfiɗa a gindin bedi, muna ɗaure ledar ƙarin ruwa a reshe da tsumma. Allurar da muke da ita wata mai kauri ce kamar man gyaɗa, sai ka danna sirinji da ƙarfin babban yatsa kafin ta shiga. Abin da ban manta ba shi ne yadda yara ke kwanciya: kai ya lanƙwashe baya, ƙafafu a naɗe, fuska a juye daga haske. Uwa za ta kawo ɗa da safe, kafin la'asar a naɗe shi, washegari ta dawo da ƙanensa. A shekarar nan mutum sama da 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu. A Afirka baki ɗaya an ƙirga sama da 250,000, mamata kimanin 25,000.

Akwai allurar rigakafi a lokacin, amma tsohuwar samfuri ce. Ba ta kama jikin yaro ɗan ƙasa da shekara 2 sosai, ƙarfinta kan sace bayan kamar shekara 3, kuma ba ta korar ƙwayar daga maƙogwaro. Saboda haka sai annoba ta ɓarke ake kawo ta, ihu bayan hari. Abin da 1996 ta haifar shi ne MenAfriVac, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka tsaya a kanta, kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa ta a kan farashin da bai kai rabin dalar Amurka ba kowace allura, don ministocin lafiya na Afirka sun faɗa tun farko cewa in ta yi tsada ba za su iya saya ba. Aka fara ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a Disambar 2010. Katsina na cikin jihohin farko da aka yi wa a Najeriya a ƙarshen 2011. Tun bayan 2017 ba a sake tabbatar da nau'in A ba a ƙasashe 26 na yankin sanƙarau, daga Sanagal har Habasha. Ni da na ɗaure leda a reshen bedi, ban zaci zan rayu in ga haka ba.

Sirrin sabuwar samfurin yana maƙogwaro. Wannan ƙwaya a maƙogwaron mutane take zaune, kuma mafi yawan masu ɗauke da ita lafiyarsu lau. A cikin kowane mutum goma ana iya samun ɗaya mai ita, lokacin annoba har ta fi haka, kuma samari da 'yan mata sun fi kowa ɗaukarta. Tari, atishawa, kwana ɗaki ɗaya, shan ruwa a moɗa ɗaya, haka take ƙaura. In hunturu ya shigo, ƙura da bushewar iska su kan farfasa fatar cikin hanci da maƙogwaro, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ta faɗa jini, ta haura kai. Ga mutane sun cunkushe a ɗaki sun toshe taga saboda sanyi. Shi ya sa abin ke farawa wajen Disamba, ya yi tsanani a zafin Maris da Afrilu, ruwan farko na sauka ya lafa. Mutanenmu na cewa zafi ke kawo sanƙarau. Sun gane lokacin daidai, sai dai ƙwayar daga bakin wani take fitowa. To ita sabuwar allura tana hana ƙwayar zama a maƙogwaro. In aka yi wa yayye da ɗaliban makarantar kwana da almajiran tsangaya, jaririyarka da ba a taɓa ba ita ma ta tsira, don babu mai kawo mata ita gida.

Da A ya kau, sai 'yan'uwansa suka sami fili. Nau'in C ya fara nuna kai a Sakkwato da Kebbi wajen 2013, ya yi ɓarna a Nijar a 2015, sannan daga ƙarshen 2016 ya taso daga Zamfara ya mamaye Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu. A wannan karon an ƙirga sama da mutum 14,000, aka rasa sama da 1,100, kuma allurar C ta yi ƙaranci a duniya, aka riƙa rabon ta kamar ruwa a rijiyar rani. Shi kuwa W, bayan ɓarkewarsa a aikin Hajji na 2000 da 2001 ne Saudiyya ta tilasta wa mahajjata allura mai haɗe da A, C, W da Y. Ita ce wadda alhazanmu ke yi a rubuta musu a katin nan mai ruwan ɗorawa.

Sabuwar da ka ji a rediyo sunanta Men5CV, ta haɗa biyar a allura ɗaya: A, C, W, Y da X, kuma kafin ita babu wata allura ta X ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ingancinta a Yulin 2023, Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da ita, a Maris ɗin 2024, lokacin Farfesa Muhammad Ali Pate na ministan lafiya, da kuɗin gidauniyar Gavi. Annoba ce ta jawo ta: daga Oktoban 2023 zuwa tsakiyar Maris ɗin 2024 an sami mutum 1,742 da ake zargin sun kamu, 153 suka rasu, a jihohi bakwai, Katsina na ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kuma ba da shawarar ƙasashen yankinmu su sa ta a jadawalin yau da kullum a madadin mai A kaɗai. A ganina nan ne gaba ɗaya maganar faɗaɗa rigakafi take. Gangami na da amfaninsa, amma galibi sai an yi jana'iza yake zuwa. Sai an kai samfuri ɗakin gwaji, a tabbatar da nau'in, a rubuta takarda, a turo allura daga rumbun ajiya na duniya, a sauke ta Abuja, a rarraba. Kafin ta iso Baure ko Zango an ci makonni, allurar kuma tana buƙatar kamar kwana 10 zuwa sati biyu kafin ta fara aiki a jiki. Yaron da aka yi wa tasa a wata 9, a asibitin unguwa, wata ranar Talata da babu wanda ya mutu, shi ne ya ci riba.

Na zo kan tambayarka ta biyu, wadda ta fi zafi. Allurar kyauta ce, sirinji kyauta, kati kyauta. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗin kati ko kuɗin safar hannu a ranar rigakafi, ka kai maganarsa wurin jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma ko mai unguwa, kada ka ji nauyi. Amma kyautar a bakin kwalba ta tsaya. Hanyar zuwa wurin kwalbar ba kyauta ba ce.

Wata rana ina duba wani ƙaramin asibiti kusa da iyaka, wata mata ta iso wajen azahar, goye da yaro ɗan wata 10, ƙafafunta fari fat da ƙura. Ta biya ɗan acaba rabin hanya, sauran ta tako. Ma'aikacin ya dube ta ya ce ta dawo Alhamis. Na tambaye shi dalili, ya nuna mini kwalbar: ta mutum 10 ce, gari ce ake damawa da ruwanta, in an dama kuma awa 6 kawai take da shi, abin da ya rage sai zubarwa. Yana tsoron a ce ya yi almubazzaranci in ya buɗe don yaro ɗaya. Na gane tsoronsa, don ni ma an taɓa tuhumata a kan haka. Amma ƙa'ida ta ce a buɗe ko don yaro ɗaya ne. Na sa ya buɗe. Muka aika yaro ya zaga maƙwabta, kafin la'asar muka sami wasu huɗu da lokacinsu ya wuce suna zaune a gida. Biyar muka zubar, kuma ban yi nadama ba. Matar nan da ta tafi, Alhamis ba za ta gan ta ba, domin kuɗin acaban na ƙuli-ƙulin da ta sayar ne, kuma mijinta sau ɗaya ya ba ta izini.

Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ke cinye yaran. Firji ya lalace ko batirin sola ya mutu, sai a ɗage ranar. Babur ɗin fita ƙauye ba mai. Tsakanin allurar sati 14 da ta wata 9 akwai wajen wata shida da ba a kiran uwa sai don ɗigon bitamin A, a nan muke rasa mafi yawansu, yaro ya yi ƙiba yana rarrafe, uwa ta ga ai ya warke daga jarirantaka. A Batsari da Safana da Ɗanmusa da Jibiya da Faskari akwai garuruwan da ma'aikaci ba ya iya shiga saboda 'yan bindiga, mutanensu sun watse cikin birane ba kati ba adireshi. Mu kuma nan Daura ga iyaka: mutumin Kwangwalam da na Damagaram kasuwa ɗaya suke ci a Mai'aduwa, aure ɗaya, makoki ɗaya, kuma ƙwayar cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan. In an yi gangami a wannan gefe ba a yi a wancan ba, rabin aiki aka yi. Najeriya na da yara sama da miliyan 2 da ko allurar Penta ta farko ba su samu ba, kuma kaso mai yawa a Arewa maso Yamma suke. Wanda bai zo ta sati 6 ba, wa zai gan shi a wata 9?

Abin da na ga yana aiki ba wani abin mamaki ba ne. Ƙungiyar New Incentives da ke ba uwaye ɗan kuɗin mota a asibitocin Katsina da Jigawa da Zamfara in sun kawo yaro rigakafi ta cika mana layi, duk da ina da 'yar damuwa kan ranar da kuɗin zai tsaya. Matan nan masu shuɗin hijabi da ke bi gida-gida suna rubuta masu jego sun fi lasifika tasiri nesa ba kusa ba. Mai unguwa da liman da wanzami su ne suka san duk jaririn da aka raɗa wa suna, in suka miƙa sunan ga asibiti ranar suna, yaron ba ya ɓacewa. Sai kai allura inda mutane suke, ranar kasuwa, bakin rijiya, rugar Fulani, tsangaya.

Akwai masu ƙi da gangan, kuma ba na zaginsu. A cikin annobar 1996 ɗin nan kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi shekaru ana shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Magani ne aka gwada a kan marasa lafiya, ba allurar rigakafi ba, amma wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, kuma ƙin allurar shan inna na 2003 ya sha ruwa daga wannan rijiyar. In uba ya kawo mini wannan zance, nakan ce masa ya yi gaskiya abin ya faru, sannan in tambaye shi yaushe rabon da ya ga an rufe makarantu an shimfiɗa tabarmi a gindin bedi. Nakan kuma nuna masa katin jikokina.

Ko an yi wa yaro duk alluran nan, ka san alamomin, domin babu allurar da ta rufe kowace ƙofa. Babban yaro zai yi zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai, amai, wuya ya sandare, ya ƙi haske, ya fara sambatu. Jariri kuwa sau da yawa wuyansa ba ya sandarewa, kada a tsaya jiran wannan. A duba maɗigarsa, in ta kumbura ta yi tauri alhali ba kuka yake ba. Zai ƙi nono, ya yi wani siririn kuka mai tsini, in an ɗauke shi kukan ya ƙaru, ko jikinsa ya saki, ko ya yi ta barci ba ya farkawa, ko ya fara jijjiga. Wannan ba na kemis ba ne, ba na hayaƙi ko tsaga ba ne. A yi addu'a a cikin mota ana tafiya. Sanƙarau na iya kashewa cikin kwana ɗaya. A cikin mutum shida da suka kamu da na ƙwayar bakteriya ɗaya kan rasu, ɗaya cikin biyar kuma kan tashi da tabo: kurumta, farfaɗiya, raunin gaɓa ko na fahimta. Maganinsa allurar seftiriyazon ce, tana aiki ƙwarai in an fara da wuri. In likita ya ce zai ɗebi ruwan ƙashin baya, ku bari. Ɗan kaɗan ne, jiki na mayar da shi cikin sa'o'i, kuma da shi ake gane wane nau'i ne ya shigo gari. Shanyewar da ake ɗora wa ɗibar ruwan nan aikin cutar ce. In an sallamo yaro, a gwada jinsa tun kafin wata ya cika, ko da tafi ne daga bayansa, in bai waiwayo ba a koma asibiti.

Ranar da jaririyar ta cika wata 9, ka rubuta ta a bangon ɗaki ko a wayarka tun yau, ka ajiye kuɗin acaba a gefe. In ka samu sarari ka raka su, ma'aikata sun fi sakin baki da bayani in sun ga maigida. Allura uku za a yi mata a ranar. Wurin zai ɗan kumbura, jikinta na iya yin ɗumi kwana ɗaya ko biyu, a ba ta nono sosai da farasitamol na yara gwargwadon yadda aka faɗa muku. Kafin ku tashi ka tambayi wace ta sanƙarau aka yi mata, mai A ce ko mai biyar, ka tabbata an rubuta a kati, kuma a faɗa muku ranar ta ƙyanda ta biyu, ta wata 15. In wani uzuri ya sa kun makara, ku je hakanan, ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Ka gaishe mini da maiɗakin naka, ka ce mata tafiyarta ba ta faɗi ƙasa banza ba. Allah Ya raya mana su.